Mashigin Fulda: Inda Aka Shekara 40 Ana Jiran Yaƙin da Bai Zo Ba

Fulda gari ne madaidaici a jihar Hessen da ke tsakiyar Jamus, mutanensa kimanin dubu 70. Jamusawa sun san shi da tsohuwar majami'arsa da kabarin Boniface, malamin da ya yaɗa addinin Kirista a yankin a ƙarni na 8. Amma daga 1950 zuwa 1990, in aka ambaci Fulda a makarantun horar da hafsoshin Amurka, ba mai tunawa da majami'a. Abin da ke faɗo musu a rai shi ne wani kwari tsakanin tsaunuka, wanda suka haƙiƙance ta nan ne tankokin Tarayyar Soviet za su kwararo ranar da yaƙin duniya na uku ya ɓarke.

Yaƙin bai zo ba. Sojan Amurka da na Soviet ba su taɓa gwabzawa a wannan wuri ba. Duk da haka, tarihin kwarin ya ƙunshi tambayar da ta hana ƙungiyar tsaro ta NATO barci tun ranar da aka kafa ta: yaya ƙasa za ta sa abokin gaba ya yarda cewa lalle za ta zubar da jinin 'ya'yanta saboda ƙasar wasu, kuma yaya za ta sa ƙawayen nata su ma su yarda?

Tsohuwar hanyar fatake

Wanda ya dubi taswirar Jamus kafin 1990 zai ga iyakar Jamus ta Gabas ta turo sosai zuwa yamma a yankin Thüringen. Daga bakin iyakar zuwa birnin Frankfurt tafiyar kilomita 100 ce da ɗoriya. A Frankfurt bankunan Jamus ta Yamma suke, nan kuma babban filin jirgin sama na Rhein-Main yake a lokacin, inda Amurka ke sauke dakaru da kaya. Da an wuce birnin kaɗan sai kogin Rhine. Duk rundunar da ta isa kogin ta wannan hanya ta raba Jamus ta Yamma gida biyu, ta kuma shiga tsakanin sojojin Amurka da ke kudu da tashar jiragen ruwa ta Bremerhaven da ke arewa, inda yawancin kayansu ke sauka.

Tsaunukan Rhön da Spessart da Knüll sun tsare yankin, dutsen Vogelsberg kuma ya tsaya a tsakiya. Hanyoyi biyu suka rage wa mai tanka: ko ya zagaya Vogelsberg ta arewa ya bi ta Alsfeld da Giessen, ko ya bi kwarin kogin Kinzig ta kudu, ya ratsa Gelnhausen da Hanau. Wannan ta kudun tsohuwar hanyar fatake ce da ta haɗa kasuwar Frankfurt da ta Leipzig shekaru aru-aru. Ta nan Napoleon ya janye sojojinsa a 1813 bayan ya sha kashi a Leipzig, har ya buɗe wa kansa hanya da ƙarfin tsiya a Hanau. Ta nan kuma sojojin Amurka suka nausa gabas a ƙarshen Maris da farkon Afrilun 1945.

Sun kutsa har cikin Thüringen da Sachsen, amma tun kafin yaƙin ya ƙare an riga an shata wa kowa yankinsa. A watan Yulin 1945 Amurkawa suka ja da baya, sojojin Soviet suka maye gurbinsu, su kuma ƙasashen yamma suka karɓi unguwanninsu a Berlin. Da haka tsohuwar iyakar Hessen da Thüringen, wadda manoma ke tsallakawa kullum zuwa gonakinsu, ta zama iyakar duniya biyu.

Alkawari a takarda

A watan Yunin 1948 shugaban Soviet Stalin ya toshe hanyoyin shiga Berlin ta Yamma, Amurka da Birtaniya suka yi kusan shekara guda suna ciyar da birnin ta jirgin sama. Ana cikin haka, ranar 4 ga Afrilun 1949, ƙasashe 12 suka rattaba hannu a Washington kan yarjejeniyar kafa NATO. Sashe na 5 ya ce harin da aka kai wa ɗaya an kai wa duka. Sai dai majalisar dattawan Amurka ta tsaya kai da fata a bar wa kowace ƙasa ikon zaɓar irin matakin da ta ga ya dace. Babu kwamanda ɗaya, babu hedikwata ɗaya, sojojin ma babu na kirki. Tsare-tsaren farko na Amurka sun tanadi a ja da baya zuwa kogin Rhine, in ta ƙi ma a fice daga nahiyar, a rinƙa ruwan bama-bamai daga nesa, daga baya a dawo kamar yadda aka yi a 1944. Firayim Ministan Faransa Henri Queuille ya gargaɗi Amurkawa cewa in suka bari sai daga baya za su zo ceto, gawa za su tarar.

Yaƙin Koriya ne ya sauya lissafi. A watan Yunin 1950 Koriya ta Arewa ta afka wa ta Kudu da tankokin da Mosko ta ba ta. Ƙasa ce da aka raba biyu kamar Jamus, kuma sojan Amurka bai daɗe da janyewa daga kudun ba. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ai sai ya shafa wa nasa ruwa. Kafin shekarar ta ƙare an naɗa Janar Dwight Eisenhower babban kwamandan dakarun NATO a Turai, Shugaba Truman kuma ya ƙudura aika ƙarin dibishan 4, wato manyan rundunoni masu sojoji fiye da dubu 10 kowace. Sanata Robert Taft da tsohon shugaba Herbert Hoover suka yi ta adawa, suna cewa Turai ta kare kanta. A watan Afrilun 1951 majalisar dattawa ta amince. Runduna ta Biyar ta sojan ƙasa na Amurka ta kafa hedikwata a Frankfurt, aka danƙa mata tsaron mashigin Fulda.

A taron Lisbon na Fabrairun 1952 ƙawayen suka yi alkawarin tara dibishan 96 kafin ƙarshen 1954. Ko kusa ba su kai ba. Ƙasashen da ke sake gina biranensu ba su da kuɗin, masu zaɓe kuma ba su da niyyar. A lokacin ana ƙiyasta cewa Soviet na da dibishan 175, sai a farkon shekarun 1960 masu bincike a ma'aikatar tsaron Amurka suka tabbatar cewa da yawansu suna ne kawai da 'yan tsirarun sojoji. Da Eisenhower ya zama shugaban ƙasa a 1953, sai ya zaɓi hanya mai arha: a dogara da makaman nukiliya, a sanar da Mosko cewa duk wani babban hari zai jawo mata martanin da ba za ta iya ɗauka ba.

Sharaɗin Jamusawa

Ko da nukiliyar, ana buƙatar sojan ƙasa, kuma wuri ɗaya ne ake iya samo su da yawa: Jamus ta Yamma. Faransa, wadda Jamus ta shiga a 1870 da 1914 da 1940, ta ƙi jin zancen. Ita ce ta kawo shawarar kafa rundunar Turai ta haɗin gwiwa da za a narkar da sojojin Jamus a ciki, majalisarta ce kuma ta yi watsi da shawarar a watan Agustan 1954. A ƙarshe aka shigar da Jamus ta Yamma NATO a watan Mayun 1955, bisa sharaɗin cewa rundunoninta na yaƙi za su kasance ƙarƙashin kwamandan ƙawancen, kuma ba za ta ƙera makaman nukiliya ba. Ana jingina wa Lord Ismay, babban sakataren NATO na farko, cewa manufar ƙungiyar uku ce: a hana Rasha shigowa, a hana Amurka fita, a hana Jamus ɗaga kai. Kwanaki kaɗan bayan shigar Jamus, ranar 14 ga Mayu, Mosko ta kafa nata Ƙawancen Warsaw.

Jamusawa su ma sun zo da nasu sharaɗi. Sun yarda su ba da dibishan 12, sojoji kusan rabin miliyan, amma ba don a ja daga a bayan kogin Rhine a bar garuruwansu a hannun abokin gaba ba. Kimanin kashi 30 cikin 100 na al'ummar ƙasar da rubu'in masana'antunta suna cikin kilomita 100 daga iyaka. Hamburg da Hannover da Nürnberg duk a bakin gaɓa suke. Wani atisaye da NATO ta yi a watan Yunin 1955 mai suna Carte Blanche ya ƙara tayar musu da hankali: an kwatanta jefa bama-baman nukiliya fiye da 300 cikin 'yan kwanaki, lissafi ya nuna Jamusawa miliyan 1.7 za su mutu, miliyan 3.5 su jikkata. Sannu a hankali aka rinƙa matso da layin tsaro gabas, daga Rhine zuwa kogunan Weser da Lech, har a 1963 aka kai shi bakin iyakar kanta.

Ta fuskar dabarun yaƙi, hafsoshi da yawa ba su so haka ba. Mai tsaro da ba shi da filin ja da baya ya ɗaure hannunsa. Amma siyasar ƙawance ta rinjayi taswira, kuma yadda aka jera dakarun ya nuna haka ƙarara. An yanka iyakar gunduwa-gunduwa, aka tsayar da rundunonin ƙasashe kafaɗa da kafaɗa kamar sahun salla: daga arewa Denmak da Jamus, sai Holan, sai Jamus, sai Birtaniya, sai Beljiyam, sai Jamus kuma, sai Runduna ta Biyar ta Amurka a Fulda, sai ta Bakwai a kudu da ita, sai Jamus a ƙarshe, ga kuma birged ɗin Kanada a baya. Bindigoginsu ba iri ɗaya ba ne, harsunansu daban, wasu rundunonin Holan da Beljiyam ma barikinsu na can gida, sai sun yi doguwar tafiya kafin su iso. Amfanin tsarin ɗaya ne, kuma babba: babu yadda Mosko za ta kai hari kan Jamus ita kaɗai. A ranar farko za ta kashe sojojin ƙasashe shida ko bakwai, daga nan kuwa babu majalisar da za ta ce ba ruwanta.

Garkuwa da 'ya'yan Amurka

An gwada wannan tunani a Berlin. Kwanaki kaɗan bayan fara gina katangar da ta raba birnin ranar 13 ga Agustan 1961, Shugaba Kennedy ya tura sojoji 1,500 cikin jerin motoci, suka ratsa Jamus ta Gabas da rana tsaka har Berlin ta Yamma, inda mataimakinsa Lyndon Johnson ya tarbe su. A ƙarshen Oktoba tankokin Amurka da na Soviet suka yi cirko-cirko a shingen Checkpoint Charlie har tsawon awa 16, kafin kowa ya ja baya ɗaya bayan ɗaya. Dukan sojojin ƙasashen yamma a birnin ba su wuce dubu 12 ba, ga dubban ɗaruruwan sojojin Soviet sun kewaye su. Masanin dabaru Thomas Schelling ya fayyace aikinsu ba tare da kara ba: ba za su iya tsare birnin ba, amma mutuwarsu za ta tabbatar da cewa maganar ba za ta tsaya nan ba. Haka ma matan sojojin Amurka da 'ya'yansu da ke zaune a Frankfurt da Hanau da Fulda, da makarantunsu da kantunansu. Zamansu a wurin shi kansa jingina ce da Washington ta ajiye a hannun Turai.

Shugaban Faransa Charles de Gaulle bai gamsu ba. Tun da Soviet ta mallaki makamai masu linzami da ke iya kaiwa Amurka, ya rinƙa tambaya ko akwai shugaban Amurka da zai sadaukar da New York saboda Paris. Sai ya ƙera nasa bam, ya gwada shi a Reggane cikin Saharar Aljeriya a watan Fabrairun 1960. Gwaje-gwajen sun fusata ƙasashen Afirka, har gwamnatin Abubakar Tafawa Balewa ta kori jakadan Faransa daga Legas a watan Janairun 1961. A 1966 de Gaulle ya fitar da Faransa daga rundunar haɗin gwiwa ta NATO, ya sa hedikwatar ta tattara ta koma Beljiyam. Ƙawancen ya rasa filin da yake dogara da shi a baya, nauyin da ke kan masu tsaron bakin iyaka ya ƙaru.

Gwamnatin Kennedy ma ta ga illar dogaro da nukiliya kaɗai. Sakataren tsaro Robert McNamara ya nemi a ƙarfafa sojan ƙasa yadda za a iya tare hari ba tare da an yi saurin kaiwa ga bam ba. Turawa suka ji wani abu daban: Amurka na neman a yi doguwar fafatawa a gonakinsu, biranenta kuma su zauna lafiya. An shafe shekara 5 ana wannan ja-in-ja. A watan Disamban 1967 aka cimma matsaya mai harshen damo: za a fara tare hari da makaman da ba na nukiliya ba, in abin ya gagara a ɗaga mataki, amma ba a faɗi yaushe ba. Ministan tsaron Birtaniya Denis Healey ya taƙaita matsalar da lissafi: ɗan ƙaramin yiwuwar cewa Amurka za ta rama ya isa ya tsorata Rasha, amma sai an kai kusan ga tabbas kafin hankalin Turawa ya kwanta.

Rayuwa a bakin waya

A can bakin iyaka, rejimanti ta 14 ta sojan sulke ce ke sintiri har 1972, sannan ta 11 ta karɓa, da barikoki a Fulda da Bad Hersfeld da Bad Kissingen. Sansaninsu mafi shahara shi ne Point Alpha, kan wani tudu tsakanin ƙauyen Rasdorf da garin Geisa da ke ɓangaren gabas. Sojoji kimanin 40 ke zama a can karɓa-karɓa, hasumiyarsu na kallon ta masu gadin Jamus ta Gabas, tsakaninsu waya da nakiyoyi da aka binne don hana mutanen gabas tserewa. Ba a sa ran rejimantin za ta tare harin. Aikinta ta gano inda babban ƙarfin abokin gaba ya dosa, ta ɓata masa lokaci, har dibishan ta 3 ta tankoki ta iso wuraren da aka ware mata, ita kuma dibishan ta 8, wadda yawancin barikokinta ke hayin kogin Rhine, ta samu ta tsallako.

A ɗaya ɓangaren akwai Runduna ta 8 ta zaratan sojojin Soviet, mai hedikwata a Nohra kusa da Weimar. Ita ce magajiyar rundunar Janar Chuikov da ta tsare Stalingrad, ta kuma shiga Berlin a 1945. A bayanta, a Dresden, ga Runduna ta 1 ta tankoki.

An shirya ƙasar kanta don yaƙi. A kan tituna da gadoji an haƙa ramuka masu murfi irin na magudanar ruwa, waɗanda za a cika da nakiya a tarwatsa hanya in rana ta ɓaci. A shekarun 1960 ma an raba wa sojojin ƙasa wata ƙaramar igwa mai suna Davy Crockett da ke harba bam ɗin nukiliya nisan kilomita 2 zuwa 4 kacal, kafin a janye ta. Mawaƙi Elvis Presley ya yi aikin soja a dibishan ta 3 a Friedberg daga 1958 zuwa 1960. A daidai lokacin wani matashin laftanar mai suna Colin Powell yana Gelnhausen. A 1986 ya dawo a matsayin kwamandan Runduna ta Biyar baki ɗaya, ya ajiye hoton takwaransa na Soviet, Janar Vladislav Achalov, a kan teburinsa.

Wa zai biya?

Rigimar kuɗi ba ta taɓa kwanciya ba. A farkon shekarun 1970 Amurka na da sojoji kusan dubu 300 a Turai, yaƙin Vietnam na cin dukiya, Jamus kuma ta yi arziki. A watan Mayun 1971 Sanata Mike Mansfield ya gabatar da ƙudurin a rage su da rabi. Abin mamaki, shugaban Soviet Leonid Brezhnev ne ya taimaka aka kayar da shi: kwanaki kaɗan kafin ƙuri'a ya yi jawabi a Tbilisi yana tayin tattaunawa kan rage sojoji a ɓangarorin biyu, sai sanatoci suka ga babu dalilin ba da kyauta abin da za a iya ciniki da shi. Ƙudurin ya faɗi da ƙuri'a 61 da 36. Tattaunawar da aka buɗe a Vienna a 1973 kuwa ta kai 1989 ba a sa hannu kan komai ba.

Don rufe bakin masu shakka, daga 1969 Amurka ta fara atisayen REFORGER kusan kowace shekara. Ana kwaso sojoji ta jirgin sama daga Texas ko Kansas, su tarar da tankokinsu a jibge a rumbunan Turai, su hau su nufi fili. Manoman Hessen da Bayern sun saba da ganin tankoki na tattake gonaki, jami'an biyan diyya na biye da su. A 1988 sojoji kusan dubu 125 suka shiga atisayen. Mosko na kallo, Bonn, babban birnin Jamus ta Yamma, ma na kallo.

Yaƙin Oktoban 1973 tsakanin Isra'ila da Masar da Siriya ya girgiza hafsoshin Amurka. Cikin makonni uku aka lalata tankoki fiye da 2,500. Janar Donn Starry, wanda ya je tuddan Golan ya duba abin da ya faru, ya karɓi Runduna ta Biyar a 1976, ya rinƙa zagaya kwarin Fulda da kwamandojinsa, kowa na nuna masa inda zai tsaya da abin da zai yi. Ya gano cewa ko sun karya sahun farko na Soviet, na biyu da na uku za su iso su tarar da su a gajiye. Daga nan aka samo sabon tsarin yaƙi na 1982, wanda ya haɗa sojan ƙasa da na sama don a far wa sahun baya tun yana hanya. Sababbin kayan aiki ma suka shigo: tankar Abrams, motar sulke ta Bradley, jirgi mai saukar ungulu na Apache, da jirgin A-10 mai farautar tankoki. Marshal Nikolai Ogarkov, babban hafsan sojan Soviet, ya fito fili ya yi gargaɗi cewa makamai masu cin daidai na neman kamo nukiliya wajen ɓarna, tattalin arzikin ƙasarsa kuwa ba shi da ƙarfin wannan tsere.

Mutanen yankin su ne ƙarshen sanin matsayinsu. A 1977 wani kamfanin Amurka ya fitar da wasan allo mai sunan mashigin, inda 'yan wasa ke jefa nukiliya kan ƙauyukansu. A 1981 gidan talabijin na CBS ya nuna ƙauyen Hattenbach a matsayin wurin da bam zai iya sauka. Labarin ya zo daidai lokacin da ake zanga-zangar adawa da girke makamai masu linzami na Pershing II, har mutum kusan dubu 300 suka taru a Bonn a watan Oktoban shekarar. Matasa suka rinƙa bin tituna suna neman ramukan nakiya, wasu suna cike su da siminti.

Abin da takardu suka nuna

Bayan faɗuwar katanga aka gano cewa gabas ta daɗe da sanin sirrin. Wani sajen Amurka a hedikwatar dibishan ta 8, Clyde Lee Conrad, ya yi shekaru yana sayar wa jami'an leƙen asirin Hangari tsare-tsaren tsaron Runduna ta Biyar. An kama shi a 1988, kotu a Koblenz ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 1990. Da an yi yaƙi, da cin amanarsa ya halaka dubbai. Amma takardun da ya sayar sun nuna wa Mosko abu biyu: NATO ba ta shirin kai hari, kuma da gaske take za ta tsaya.

Takardun Ƙawancen Warsaw su ma sun fito. Wani tsari na Cekoslobakiya na 1964 ya tanadi isa birnin Lyon na Faransa cikin kwana 9. Wani atisaye na 1979, wanda Polan ta bayyana a 2005, ya tanadi isa Rhine cikin kwana 7. Dukansu sun ɗauka NATO ce za ta fara, dukansu kuma sun dogara da ruwan nukiliya tun daga farko. Masana tarihi da dama sun kuma nuna cewa babban hari zai fi yiwuwa ta shimfiɗaɗɗen filin arewacin Jamus, inda babu tsaunuka kuma rundunonin da ke tsaro ba su kai na Amurka ƙarfi ba. Sunan Fulda ya yi tambari ne saboda nan Amurkawa suke.

Shi ya sa har yau ake gardama. Wasu na cewa sojojin da ke bakin iyaka ne suka hana yaƙi. Wasu na cewa shugabannin Soviet, da suka yi asarar mutum kusan miliyan 27 a yaƙin duniya na biyu, ba su taɓa niyyar kai hari ba. Abin da ba a gardama a kansa shi ne bambancin ƙawancen biyu. Faransa ta fice daga rundunar NATO ba wanda ya tura mata tanka. Ƙawancen Warsaw kuwa, tankokin Soviet sun murƙushe Hangari a 1956, rundunonin ƙawancen sun mamaye Cekoslobakiya a 1968. Kwamandan da ke Nohra yana da tankoki fiye da na Frankfurt, amma hanyar kayansa ta bi ta Polan ce, kuma bai da tabbacin mutanen Polan za su bar jiragen ƙasansa su wuce.

Daga Fulda zuwa Suwalki

Ƙarshen ya zo da sauri. A watan Disamban 1988 shugaban Soviet Gorbachev ya sanar a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa zai rage sojoji dubu 500, ya janye tankoki dubu 5 daga Jamus ta Gabas da Cekoslobakiya da Hangari. Katangar Berlin ta faɗi ranar 9 ga Nuwamban 1989, Jamus ta haɗe ranar 3 ga Oktoban 1990. Wata guda da rabi bayan haka aka sa hannu a Paris kan yarjejeniyar da ta taƙaita wa kowane ɓangare tankoki dubu 20. Dibishan ta 3, wadda ta yi shekaru tana shirin Fulda, a hamadar Iraƙi ta yi yaƙinta a 1991, da tankokin ƙirar Soviet na Saddam Hussein. A 1994 rejimanti ta 11 ta bar Fulda, a ƙarshen Agustan shekarar kuma ragowar sojojin Rasha, waɗanda a 1990 suka kai kusan dubu 340 da tankoki fiye da dubu 4, suka kammala ficewa daga Jamus. Point Alpha ya zama gidan tarihi, inda a 2005 aka karrama George Bush babba da Gorbachev da tsohon shugaban gwamnatin Jamus Helmut Kohl tare.

A 2013 Amurka ta rushe Runduna ta Biyar, ta kwashe tankokinta na ƙarshe daga Jamus. Shekara guda bayan haka Rasha ta ƙwace Kirimiya. Hankalin masu tsare-tsare ya koma kan wani zirin ƙasa mai faɗin kilomita 65 kusa da garin Suwalki, tsakanin Belarus da yankin Kaliningrad na Rasha, wanda shi kaɗai ya haɗa Polan da ƙasashen Baltik ta ƙasa. Maganin da NATO ta ɗauko a taron Warsaw na 2016 tsohon magani ne: bataliyoyi 4 masu sojoji kimanin dubu guda kowace, an gauraya ƙasashe da gangan, Birtaniya na jagoranci a Estoniya, Kanada a Latbiya, Jamus a Lituweniya, Amurka a Polan. Bayan mamayar Yukiren a 2022, ƙasashen Baltik suka maimaita abin da Jamusawa suka faɗa a shekarun 1950, cewa a tsare su a bakin iyaka, kada a bari sai an ci su a zo ceto. Rasha ta fice daga yarjejeniyar taƙaita tankoki a 2023. An sake kafa Runduna ta Biyar a 2020 da reshen hedikwata a Poznan ta Polan, Jamus kuma ta ƙaddamar da birged a Lituweniya a 2025, wadda ake shirin ta kai mutum kusan dubu 5 kafin ƙarshen 2027, karo na farko tun bayan 1945 da ta girke runduna irin wannan ta dindindin a wata ƙasa.